Baƙin Oktoba a Bakin Doyang

Zubenthung na zaune a kan kifaffen kwalekwale,
tsohuwar komarsa a naɗe, ɓera ya ci gefenta.
Jikarsa Yanbeni ta zo da fensir da takarda,
wai malami ya ce a ƙirgo baƙi.

Ƙirga me, 'yar nan? Ɗaga kanki.
Wa ya taɓa ƙirga ƙaiƙayi ranar shiƙar shinkafa?
Tun la'asar suke zubowa ta bayan dutse
har sama ta yi baƙi, rana ba ta faɗi ba.

Dubi wancan a kan wayar lantarki.
Da kaɗan ya ɗara kurciya,
riga ruwan toka, ƙafa ruwan goro,
kai ka ce garwashi ya taka.
In ya buɗe fiffike sai fari ya bayyana a ƙasa.
Ta kusa da shi matar ce,
ƙirjinta fari, an yayyafa masa tawada.

Daga arewa mai nisa suke, ƙasar sanyi,
inda ba su wahalar da kansu da gini:
tsohuwar sheƙar hankaka ta ishe su ƙyanƙyasa.
Nan zango ne kawai.
Gina ta tashi bayan ruwa, su cafke ta da ƙafa,
su ci a sama, ko sauka ba su yi.
Kitse suke tarawa, shi ne guzuri,
don gabansu akwai teku,
kwana da kwanaki babu reshe, babu tudu,
sai sun ga gaɓar Afirka.

Ya yi shiru. Ya shafi komar.

Da wannan na tare su, in ji shi,
a saman itace, daren da ba wata.
Da asuba ɗari, wata rana ɗari biyu,
mu ƙyafe, mu kai kasuwa a kan gora.
Kuɗin makarantar babanki daga nan ya fito,
ba zan ɓoye miki ba.
Akwai wata da na zare da hannuna,
zuciyarta na dukan tafina kamar ƙaramin kalangu,
nauyinta bai fi na mangwaro guda ba.
Ita ma na sayar.

Yanbeni ta rubuta dubu, ta soke.
Ta rubuta dubu goma, ta sake sokewa.
Duhu ya shigo, itatuwan ƙetare na ta ƙara,
tsohon bai tashi ba
sai da na ƙarshe ya sami reshe.