Da'irar Kanumfari

A Pemba, idan aka shanya kanumfari,
hanya kan tsuke, kaza ma sai ta ratse.
Kakana Makame ya hau bishiya shekara arba'in.
Haƙora huɗu suka rage masa,
yana ƙirga su kamar awaki.

Ni Mwatima ina Chake Chake,
cikin farar rigar da ta yi mini yawa a kafaɗa.
Na shafa ƙwayoyin da ke rarake haƙori
a faranti mai kama da daskararren romo,
na ɗora 'yar takarda, ba ta kai wake ba,
na ɗiga mata man da tururi ya tatso.
Ɗigo ɗaya. Na rufe. Na tafi gida.

Bayan kwana biyu
farantin ya yi dishi-dishi, sun mamaye ko'ina
in ban da kewayen takardar:
fili fes, kamar inda aka share don salla.
Na aza ma'auni, milimita goma sha tara.
Na sake aunawa, don hannuna na rawa.

Na kai masa hoton a waya.
Ya daɗe yana kallo, ido a kanne.
Ya ce, "Ai wannan uwata ta sani,
ita da ko sunanta ba ta rubutawa."
Na ce, "Kaka, faranti ba baki ba ne.
Baki na da yawu,
da shayinka mai sukari cokali uku."

Ya yi dariya, huɗun suka leƙo.
Ya tsinci ƙwara ɗaya a tabarma,
ya cusa ta can gindin na ƙurya,
wanda ya fara yi masa magana da dare.