Iyakar Haƙuri

Ƙarfe biyun dare a Yaba, janareta na tari,
ina koya wa manhaja iyakar haƙuri.

Jiya a Agege, Tanimu mai albasa
ya ƙura wa waya ido, da'ira na ta juyawa,
mai saye ya gaji, ya ajiye buhu, ya hau danfo.
Laifina ne. Ban ce mata yaushe za ta haƙura ba,
ta tsaya jiran sabar da ta mutu tun la'asar.

Yanzu na rubuta mata:
yi sallama, ki ƙirga daƙiƙa biyar.
In shiru, ki sake. Sau uku, ki juya,
haka aka koya mana a ƙofar gida.
In an ce shigo, an shimfiɗa tabarma,
jiran magana daban ne: talatin.
Sun cika, tashi ki kakkaɓe zane,
ki gaya wa Tanimu gaskiya.

Folake ta ce talatin sun yi yawa.
Na ce ba ki san layin Ikorodu ba in ana ruwa.
Muka daidaita a ashirin.

Na rufe kwamfuta, na duba wayata.
Saƙon da na tura wa Yaya Ilu tun azumi
yana nan, an karanta.
Wannan jiran ban san inda ake sa masa lamba ba.