Littafin Maki

Ni ne mai riƙon littafin maki
a filin siminti na bayan lakwal,
shekara talatin da ɗaya, bakin birona bai bushe ba.
Jiya Laminu ɗan Bagalam ya jefa ta ƙarshe,
raga ta ce shuu, na rubuta:
ɗari huɗu da goma sha biyu.
Na Nomau Dogo ɗari uku da casa'in ne,
tun kwandonmu ƙarfe ne da maƙerin Mokoyo ya lanƙwasa,
ba wanda ya taɓa shi sai bana.

Da dare, a teburin mai shayi,
Nomau ya iso yana jan ƙafar hagu.
Bai yi barka ba. Ya ce:

"Mu huɗu ne kacal a zamaninmu,
Zariya, Sabon Gari, Mokoyo, sai mu.
Duk dogon da Maraɗi ta haifa
yana cikin huɗun nan,
ba ranar da za ka ce yau sauƙi.
Sau shida a shekara nake karo da Kalla,
ya san inda zan juya kafin ƙafata ta sani,
ya san warin gumina, na san kaifin gwiwar hannunsa,
ga haƙorin da ya karɓe.
Ku yanzu sha huɗu ne.
An tsinka fura da ruwa don ta ishi baƙi.
Ka zuba talatin kan yaran Gazawa
da sai bara suka fara ganin kwando,
ka ce ka wuce ni?"

Laminu ya aje kofi a hankali.

"Baba, da ƙafa kuke zuwa wasa,
tuwon gida a ciki, gadon gida na jira.
Mu fa, Juma'a Dakoro,
mota ta kwance mana ƙashin baya,
Lahadi Tasawa, mu kwana a aji kan benci
sauro na yi mana kirari.
Mutum goma sha biyar ka haddace duk rayuwarka.
Ni kowane mako baƙuwar fuska,
ban san hannun da take jifa da shi ba.
Kuma cikin yaran Gazawan nan
akwai wani Isufu, kansa na shafar raga.
Ka je ka gan shi."

Suka juyo gare ni, wai ni ne alƙali.
Na ce shayina ya huce.

A gida na kunna fitila, na jero littattafan.
Wasa sha takwas ga Nomau, ashirin da shida ga yaron.
Na raba, Nomau ya hau.
Na cire sababbin ƙungiyoyi, ya ƙara hawa.
Sai na nemi layin da ake rubuta nisan hanya,
da tayar da ta fashe kafin Kornaka,
da ruwan rijiyar da ya juya cikin mutum biyar.
Babu shi. Ban taɓa ja masa layi ba.
Kuma gara ta ci shafi biyu na shekarar Nomau,
abin da ke wurin daga kaina na cike shi,
kai kuwa yana da wanda yake so.

Da mudu biyu aka auna hatsin nan,
ɗaya ya ɓace tun kafin a haifi ɗayan.

Yau da safe takarda ta zo:
baɗi za a ƙara biyu, Mayahi da Barmo.
Na aika a sayo mini littafi mai faɗi,
zan ja sabon layi ko ba wanda ya sa ni.

Da la'asar ga Nomau a bakin fili
yana kallon yara, hannu a baya.
Can ya matso, murya ƙasa ƙasa:
"Ranar zuwa Gazawa,
motar tana da wurin mai doguwar ƙafa?"