Littafin Ma'aji

Ni anka ba littafin.
Ba don na fi kowa tsoron Allah ba,
don dai shekara talatin ina ƙidayar albasa a kasuwar Wurno,
ba a taɓa jin buhu ya yi ƙafa ba.

Asibitinmu ɗaki huɗu ne da baranda,
kwano ya tsufa, damina na shiga ba sallama.
Daren da naƙuda ta kama Tumba,
ungozoma da haƙora ta riƙe tocila,
hannu biyu suna can cikin aiki.
Batir ya mutu tsakar dare.
Ɗan ya zo. Sauran ba ni faɗi.

Da safe Malama Inno, tsohuwar hedimasta,
ta doka sandarta ƙasa: "Yau za mu zauna."
Munka zauna gindin dogon yaro,
munka naɗa ta shugaba,
sarautar da ba albashi, ba kujera,
tabarmar ma daga gida ta zo da abinta.

Ranar gidauniya anka kafa rumfa.
Wani babba ya iso daga birni, mota uku,
ya karɓi lasifika ya ce miliyan biyu.
Tafi ya tashi har tantabaru sunka watse.
Na jawo biro, Malama ta dafe hannuna:
"Alkawari fensir, kuɗi biro."
Da fensir na rubuta.

Ga kuwa abin da biro ya gani:

Arzika mai jaki, albasa buhu biyu,
guda ta fara tsiro.
Jaɓɓi daga ruga, ɗan akuya,
bisa sharaɗin kada Nomau mahauci ya saye shi,
akwai tsohuwar magana tsakaninsu.
Matan adashe, kwasar wata ɗungum.
Yaranmu 'yan ci-rani sunka turo ta waya,
dubu bakwai, dubu uku,
wani ɗari biyar da ban haƙuri.
Modi kafinta ba shi da ko sisi,
amma yana da guduma da kwana goma.
Na rasa layin da zan sa shi, na buɗe mai shafi nasa.

Can da la'asar, an fara naɗe rumfa,
wata tsohuwa ta kwance bakin zane,
ɗari biyu, sun sha gumi sun yi laushi.
Na ce, "Suna?" ban ɗaga kai ba.
Ta ce, "Rubuta Tumba."
Na ɗaga kai.
Na rubuta.

Wata na huɗu magana ta ɓullo:
wai ma'aji ya yi sabon keke.
Keken ƙanena ne, amma wa ke tambaya?
Tuwo ya daina wuce mini maƙoshi.
Malama ba ta lallashe ni ba, ba halinta ba ne.
Ranar Juma'a, da anka sallame,
ta tsayar da ni ƙofar masallaci, rana na dukan ƙeya,
"Karanta musu. Ƙusa-ƙusa."
Na karanta kwano, na karanta katako,
na karanta kuɗin motar mai haɗa sola.
Masu maganar su sunka fara zamewa a shafi na tara.
Ɗari da hamsin ta ƙi fita lissafi,
gumi ya karyo mini,
sai Malama ta ce, "Biron da ke hannunka, kyauta anka ba ka?"

Yanzu faifai shida na bisa rufi
suna shan ranar da a da sai dai ta gasa mu.
Firji na gurnani da maganin saran maciji.
In na dawo daga fadama bayan isha'i
nakan rage tafiya daidai tagar ɗakin haihuwa,
ba don komai ba, in dai ga hasken.

Shafin fensir na nan.
Sau goma sha ɗaya na buga waya,
kullum mai gida na cikin taro.
Na ɗauko abin gogewa, Malama ta ce bar shi,
fensir ba ya cin tuwo.

Saura rijiyar burtsatse.
Gobe za mu Achida, gida-gida,
ita da sandarta, ni da littafi.