Gurbin da Ba a Cike Ba

Ƙarfe biyu da kwata na dare
wayar aiki ta yi kuka a ƙarƙashin matashi.
Baltasar ne, numfashi sama-sama:
"Leontina, na ba da umarnin gogewa,
na mance ban yanka masa iyaka ba."

Layi dubu arba'in da ɗaya.
Sunayen tsofaffin 'yan dakon tasharmu,
mutanen da gishirin teku ya ci wa gwiwa,
sun salwanta kafin ya ɗage yatsa.

Ban yi masa faɗa ba,
faɗa bai taɓa dawo da layi ko ɗaya ba.
Na ja wa Amparo bargo har kafaɗa,
na ɗora ruwan shayi,
na buɗe kwamfuta a teburin kicin
tsakanin ɓawon lemo da littafin lissafinta.
Ta taga, Valparaíso ta zubo daga tudu zuwa ruwa,
fitila bisa fitila,
jirage na jiran gari ya waye.

Shekara goma sha shida ina tsaron wannan rumbu.
Kowane dare ina ajiye kwafinsa,
kowace Laraba ina gwada ko zai tashi,
har ana ce mini mai tsoron inuwarta.
Yau inuwar ce ta zo har gida.

Ƙasa ta ɗan motsa wajen ƙarfe uku,
cokula suka yi 'yar hira a aljihun tebur.
A garin nan ba ma tashi don wannan.
Na dafe kofina, na ci gaba da ƙirga.

Suka fara dawowa, ɗari-ɗari, dubu-dubu,
kamar masu fitowa daga aikin dare.
Ina bin su da ido don in tabbatar,
sai ga shi:

Huenchul, Evaristo.
Lamba ɗari huɗu da sha bakwai.
Ranar kama aiki, akwai.
Ranar ajiye aiki, akwai.
Ranar rasuwa,
fayau.

Ni na zaɓa masa rigar da aka sa shi a ƙasa,
a maƙabartar Playa Ancha, iska na kwashe addu'a.
Shekara tara ke nan.
Wani akawu ya yi hamma, ya tsallake gurbi,
shi ke nan babana bai mutu ba a nan.
Yana tsaye a layinsa, tsakanin Huaiquil da Huerta,
ƙugiyarsa a kafaɗa, yana jiran a kira lambarsa.

Shayin ya huce.

Da safe tsohon keken ƙarfe ya sauke ni daga tudu,
yana ƙara kamar gwiwoyinsa.
A ɗakin taro maza takwas ne, sai ni.
Don Casimiro ya dafa kafaɗar Baltasar:
"Yaron nan ya farga da wuri, ya cece mu."
Sannan ya turo mini biro:
"Ki rubuta mana abin da aka tattauna,
hannunki ya fi kyau."
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Baltasar ya kasa haɗa ido da ni.
Da rana na tarar da burodi mai zafi a teburina,
babu takarda, babu suna.
Na cinye. Yunwa ba ta san shari'a ba.

Dokar sana'ata guda ce:
kada ki bar ƙarya ta kwana a rumbu.
Na san ranar kamar sunana.
Na rubuta ta,
yatsana na shawagi kan maɓallin tabbatarwa,

na janye.

Na buɗe takardar gyara kamar yadda ƙa'ida ta ce,
na ɗora wa kaina alhakinta.
Wajen da aka ce a sa wa'adi
na bar shi kamar nasa.