Faranti Mai Makyarkyata

Baba Modi, tuɓe takalmanka ka hau.
Ba kwalekwalen Rima ba ne,
farantin ƙarfe ne mai makyarkyata
a ɗakin gashin ƙashi, ƙuryar asibiti.

Shekara arba'in kana jima,
ƙafa cikin ruwan bagaruwa,
kana tattaka fatar jan akuya har ta yi biyayya.
Yau ga ƙafar hagu ta mance da kai.

Kafin ka hau sai da na titsiye ka:
Akwai ƙarfe a ƙugu? Batir a zuciya?
Jiri fa, ko ɗinkin da bai warke ba?
Ka ce, "Ɗiyata, ban da komi jikina
sai bashin mutanen Shagon Goro."

To, ware ƙafafu daidai kafaɗa.
Sassauta gwiwa,
kamar mai niyyar ruku'u bai kai ba.
In ka sandare ta, girgizar ba ta da kunya,
ƙashi za ta bi, ta haye gadon baya,
ta je ta ƙwanƙwasa maka ƙeya.
Riƙe sandar nan, kada ka shaƙe ta.

Na kunna.
Ruwan kofin da ke bisa tebur ya fara rawa.

Kai kana kallon bango, ni ina karanta ka:
diddigen da ke son tashi,
kafaɗar da ke zamewa gabas,
launin leɓe, zufar goshi,
wadda ta zafin Sakkwato ce
da wadda ba ita ba.
Babban yatsana na kwance kan jan maɓalli
kamar kyanwa a bakin rami.

"Haƙorana na kaɗawa."
Gwiwa ce ka miƙe, Baba. Lanƙwasa.
"Awo, sun bari."

Daƙiƙa ashirin da bakwai aka ɗauke wuta.
Farantin ya yi tsit, jikinka bai ji labari ba,
ka yi luu,
hannuna ya riga ka isa ɗamarar ƙugunka.
Don wannan nake tsayuwa a hagunka.

Ka huta, ka ce a ƙara ɗaya in janareta ya tashi.
A'a. Magani ma da cokali ake sha.
Sai Laraba.

Ka sauko kana mita.
Ban ce komai ba, na dai rubuta a kati:
yau ƙafar hagu ta laluba takalminta
ba tare da ido ya raka ta ba.