Mai Karanta Ruwa

Ƙarfe shida nake sauka ƙarƙashin gada,
fensir a bayan kunne, littafin Baba a hammata.
Sandar awo na nan inda ya bar ta,
ɗaure a ƙafar siminti,
jan lambarta ya koɗe, tsattsewa ta yi mata zane.

Mayo Luti ba babban kogi ba ne.
A taswira bai fi silin gashi ba.
Daga duwatsun Mandara yake gangarowa,
ya matse jiki a tsagar Kola
inda dutse ya yi sulɓi kamar cikin tsohon turmi,
ya wuce mu nan Gider ko sallama babu,
ya miƙa kansa ga Kebi,
Kebi ya kai shi Binuwai,
can kuma ba mai kiran sunansa.

Wata bakwai ina rubuta sifili.
Baba ya ce, Tabawa, sifili ma labari ne,
zagaye shi da kyau.
Amma ruwan bai tafi ba, kwanciya ya yi.
Inna Kuluwa na tona yashi da sakaina:
bara kamu biyu ta same shi,
bana sai da ta shige har ƙugu.
Takardar ofis ba ta da gurbin wannan,
sai in rubuta a gefe, da ƙananan baƙi.

Sannan daren Agusta.
Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, taurari tar,
can kan tudu aka yi ruwan.
Muka ji shi tafe kamar garken shanu a guje.
Da asuba na haska tocila:
jiya arba'in,
yau ɗari biyu da sha biyu,
kututturen giginya na juyi a tsakiya,
da randar wani, da akuya ƙafafu sama.

Baba na kan tabarma, yana ta rufe masa ido shekara huɗu.
Ya karkata kunne ya ce, ya kai ɗari biyu.
Na ce da sha biyu.
Ya ce sha biyun taki ce, ni ban ji ta ba.

Nakan cika kwalba, in manna kwanan wata.
Kafin mai babur ya zo daga Garwa
laka ta kwanta a gindi, kaurin yatsa, ja wur.
Gonar wani ce wannan,
audugar da bai shuka ba tukuna.

Barmo mai albasa ya tambaye ni,
duk awon nan naku, ya hana shi cin gaɓa?
Bai hana ba.
Sai dai ran da ya haura ɗari da tamanin
na aika yaro unguwar gangare
aka kwashe buhuna kafin la'asar.

Yau saba'in da uku, yana ja da baya.
Na share fensir a zani,
na ja layin gobe.